Takalmi a Bakin Ƙofa

Kujeru bakwai ne a shagona,
ta takwas ƙafarta ta karye tun bara.
A nan Kushiro, idan jiragen kamun kifi sun dawo,
maza kan shigo da warin gishiri a wuyan riga,
su ajiye hula, su nemi makirufo.

Shigeo ne na ranar Alhamis.
Shekara saba'in da ɗaya, haƙoran zinariya uku,
tafin hannun da igiya ta cinye.
Ba ya duba littafin waƙoƙi,
lambar tasa na kansa kamar ranar haihuwa.
Goge na fara kuka a cikin injin
sai ya rufe ido:
zan ɗinke inuwarki a cikin rigata,
zan haɗiye makullin ɗakinki,
ko teku ya zo nemanki, in ce ba kya nan.

Muryarsa na rawa daidai inda ya kamata.
Ina tafa masa.
Tafin ma yana cikin kuɗin kwalba.

Jikata Chizuru ta ce waɗannan sun tsufa.
Ta cusa min nata a kunne,
wata yarinya mai murya kamar alewa,
kiɗa na gudu kamar ya yi sata:
na ƙirga numfashinka daren jiya,
ɗari huɗu ba nawa ba ne, to na wace ce?
Tana dariya, tana kaɗa kai, tana wanke kofi.
Ta ce, Kaka, wasa ne fa, kowa ya san wasa ne.
Na ce to.
Miyar jiya ce aka sake wa kwano.

Ban taɓa ba ta labarin takalmi ba.

Kakanta bai taɓa ɗaga min hannu ba,
wannan zan faɗa ko a gaban alƙali.
Takalmana kawai yake kwashewa
idan zai shiga teku,
ya zuba a buhu, ya hau jirgi da su.
Kwana tara, kwana goma sha biyu,
daga ni sai tabarma sai agogon bango.
In ya dawo ya jera su a bakin ƙofa,
ya goge kowanne da hannun riga,
yana rera irin wannan waƙa ƙasa-ƙasa,
kuma ba zan yi ƙarya ba, muryarsa da daɗi.
Maƙwabta na cewa, Tokiko kin dace,
mijinki ko iska ba ya so ta taɓa ki.

Ran da na fita watan Fabrairu ne,
safa biyu a kowace ƙafa, jaririya a baya,
ƙanƙara har idon sawu.
Na isa tashar jirgin ƙasa.
Ƙaramin yatsan hagu ne bai iso tare da ni ba.

Abin da ke ba ni haushi,
har yau in goge ya kai wannan gangara
sai ƙirjina ya bi shi kamar karen gida.
Wanda ya tsara ta ya san aikinsa.
Ya san akwai daren da mutum ke so a ce masa
kada ka je ko'ina.
Ya tsaya a wannan daren.
Bai ce uffan ba a kan kwana na tara.

Shigeo ya gama, injin ya ba shi tamanin da shida.
Matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan.
Ban taɓa tambayarsa inda take ajiye takalmi ba.
Ya biya, ya rusuna, ya ce sai Alhamis.

Na kashe fitilar waje.
Chizuru na amsa waya, karo na biyar:
ina shago, na ce maka ina shago,
to tsaya in ɗauki hoto ka gani.

Na riga ta hawa sama.
Takalman dusar ƙanƙararta na bakin ƙofa,
ɗaya ya kwanta a kan ɗaya.
Na miƙar da su, na juya su suna kallon waje,
na cusa safa mai kauri a ciki.