Allon Da Zai Ɗauke Ni

Na hau sikelin Arzika mai shinkafa
a kasuwar Yelwa, rana tana tsaka.
Allura ta yi rawa, ta tsaya kan tamanin da huɗu.
Arzika ya ce, wa zai saye ka?
Na ce, ruwa.

Allo biyu Tunau ya zo da su daga Ikko
a bayan motar kifi, sun sha warin banda.
Ɗaya ɗan tsurut, kamar murfin akwati,
an rubuta lita saba'in a gefensa.
Ɗaya ƙato, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki,
ɗari da goma sha biyar.
Kowanne da ƙafa guda a ƙarƙashi,
ƙafar kuma da fiffike kwance
wanda ba ya ganin rana sai an kifa shi.

Ni ƙaramin na so.
A wayar Tunau na ga masu tashi sama,
kuma duk kan ƙanana suke tsaye.

Na ɗora gwiwa, ya nutse.
Na ɗora ɗayar, ya sulale ta tsakanin ƙafafuna
ya ɓullo can, yana kallona.
Fiffiken iskar da muka hura da famfo
ya kife a kaina kamar laima.
Gwamma mai ƙuliƙuli tana bakin gaɓa tana ƙirga.
Da ta kai sha ɗaya ta daina,
ta ce kada lissafin cinikinta ya rikice.

Baba Kakale bai yi dariya ba.
Shekara arba'in yana sassaƙa jirage a gindin maɗacin nan.
Ya ajiye gizago, ya ce zo.
Ban taɓa sa ƙarfe a itace ba
sai na ga mai jirgin da idona.
In tambaye shi: kai da buhu nawa?
Kai da awaki nawa ranar kasuwa?
Ruwa bai san sunan ubanka ba, yaro,
nauyinka kawai yake karɓa.
Tunau ƙashi ne da fata, sittin da kyar,
wancan nasa ne.
Kai kuwa tuwon gidanku bai tafi a banza ba.

Na ce, Baba, babban na 'yan koyo ne.
Ya ce, to kai mene ne?

Ya nuna min saman kogin da haɓa.
Dubi iskarmu ta la'asar,
ba ta gaggawa, sai ta ga dama.
Ƙaramin allo yana son iska mai fushi.
Tamu sai an lallaɓa ta,
sai ka tsaya a kan abin da zai jira tare da kai.

Na ɗauki ƙyauren ɗakin.
Kwana uku ba abin da na koya sai tsayuwa,
cinyoyina suna karkarwa,
masunta suna wucewa suna ce min sannu da aiki.

Ran na huɗu, bayan la'asar,
iska ta taso daga wajen gungu.
Na buɗe mata hannu.
Allon ya fara gudu, ruwa na marinsa, fat, fat, fat,
sai marin ya tsaya.

Shiru.

Na leƙa ƙasa, na ga tazara tsakanina da Kwara,
kamu ɗaya, ko biyu,
inuwata tana bina a kan ruwa.
Numfashi bakwai na yi a can.
A na takwas na waiga in ga ko Gwamma na kallo,
na faɗi.

Ƙaramin yana rataye a rumfar Kakale har yau,
kaji na kwana a ƙarƙashinsa.
Kowace ranar kasuwa ina hawa sikelin Arzika.
Allura ba ta matsa ba.
Jiya ma ta ƙara ɗaya.