Bakin Ganye

A Cimbai, inda Amu Darya ke isowa a gajiye,
an sha shi a hanya har ya rame kamar igiya,
gonar da mahaifina ya bar mini ta wayi gari fari fat.
Ba raɓa ba ce. Gishiri ne ya taso daga ƙasa.

Buhu tara na taki na zuba, da hannuna na ƙirga.
Daren da rabon ruwa ya zo kanmu ban runtsa ba.
Duk da haka audugar ta tsaya mini iya gwiwa,
ganyen sama ƙanana, sun lanƙwashe kamar cokali,
jijiyoyi kore, tsakaninsu rawaya,
huda ta fito da hantsi, kafin la'asar tana ƙasa.

Tazagul ta iso kan kekenta mai kuka.
Shekara talatin ta yi tana duba gonakin gandu
kafin gandun ya watse, kowa ya kama rabonsa.
Ba ni ta gaisar ba, ganyen ta gaisar.
Ta ɗaga shi ga rana kamar mai zargin kuɗin jabu,
ta ɗanɗana ƙasa, ta tofar.

"Orazbai, takinka bai yi kaɗan ba.
Abinci na nan ƙasa, gishiri ya sa masa kwaɗo.
Saiwa na zaune a gindin rumbu, yunwa na cin ta.
Tutiya take nema, da ɗan boron,
cokali biyu a tankin feshi, ba ƙari."

Na ce, "In saiwa ta kasa, ta ina za ta ci?"
Ta ce, "Jaririn da ya ƙi kama nono, ɗura ake yi masa.
Ganye na da baki, dubbai, a bayansa.
Asuba ke buɗe su, zafin rana ya rufe."

Ta ce biyu, na ce ai huɗu sun fi biyu.
Ta ce asuba, na fita rana tsaka,
don bashin banki bai san asuba ba.
Kunya bakwai na fesa.
Bayan kwana biyu sun ƙone ƙurmus, kamar an bi su da bakin wuta.
Kunya bakwai a gona, ta takwas a fuskata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta yagi jan ƙyalle, ta ɗaura a kan kunya ta bakwai, ta hau kekenta.

Ƙarfe huɗu na dare ta buga mini taga.
Ta ɗebi garin, ta share kan cokalin da ɗan yatsa,
ta dama har ruwan ya daina gardama.
Na goya tankin kamar ɗan fari.
"Juya bakin sama. Ƙarƙashin ganye.
Yayyafi nake so, ba wanka ba.
In ya fara ɗiga, ka yi ɓarna."
Muka yi ta tafiya, ni da sanyi da ƙarar famfo,
har gabas ta yi ja, ta ce, "Ya isa."

Kwana goma ina leƙen tsohon ganye, yana nan rawaya.
"Wannan ya riga ya sha wuyarsa, ba ya komawa.
Dubi toho."
Na duba. Faɗinsa ya kai tafin hannuna,
kore shar, huda kuma ta riƙe reshe.

A watan Satumba ƙwallaye suka fashe,
gona ta yi fari, wannan karon ba na gishiri ba,
sai wurin jan ƙyallen nan, da ya zauna kamar giɓi.
Gwiwa ta hana Tazagul fitowa tsinka.
Na kai mata damƙin farko har gado.
Ta ja zaren tsakanin yatsu, ta gwada da gaɓar babban yatsa.

"Ba laifi," ta ce. "Amma feshi rance ne.
Hunturu in ya zo, ka cika gonar da ruwa, ka wanke gishirin,
ka mayar wa saiwa bakinta."

Ta miƙo mini cokalin. Har yau yana rataye a ƙusa,
kusa da ƙyallen.