Ɗari da Arba'in

Ranka ya daɗe, takardar nan ta ce
na tsula gudun ɗari da arba'in
daga Aliero zuwa Jega.

Ga motar can gindin darbejiya,
an tokare tayarta da dutse.
Buhun albasa sha biyu a bayanta,
ƙofa ɗaure da igiyar guga.
Jiya jakin Ɗantani ya wuce mu a hawa,
har da waiwaye.

Alƙali ya kare baki da fayil.
Jami'i ya ce na'ura ba ta ƙarya.
Aka miƙa masa makulli.
Mutum huɗu suka tura,
magatakarda na biyar.

Na ce, tarar dai a yafe,
takardar kuwa a bar mini
in nuna wa Hakilu bakanike.
Shekara tara yana cewa ta mutu.