Ƙafar Kuloci

Kilo arba'in da takwas na sauke
cikin wata bakwai,
buhun siminti guda, saura kaɗan.
Likita ya rage mini tumbi,
ya bar ɗan abin da bai fi ayaba ba.
Loma huɗu ta wake da shinkafa, na ƙoshi.
A tashar Kejetia masu ce mini Obolo
suka rasa sunan kirana.

Shekara ashirin ban harɗe ƙafa ba.
Ranar da hagu ta hau kan dama
a bencin mai shayi a Aboabo,
zaman alƙali na yi,
na ƙi tashi har shayin ya huce.
Kullum haka. A gida, a tasha, a wurin suna.
Wa zai hana ni?

Sai wata asuba ina alwala,
ruwa ya zuba a bayan ƙafa,
ido ya gani, fata ba ta ji ba.
Tururuwa ke yawo a ƙwaurina,
na duba, babu ko ɗaya.
Silifa ya zame a bakin kwata,
na yi taku goma kafin Zuwera ta kira ni.

Yanzu tafiyata tana da murya:
taf, taf,
kamar ana marin ƙasa.
Nakan ɗaga gwiwa sama
kamar mai hawa matakalar da babu.

Kuloci tana takawa,
sakin ne ya gagara.
A hawan Oforikrom trotro ta zabura ta mutu,
wata mai kwandon kifi ta zage ni da Asantanci,
na kuwa ji duka.

Likita ya ƙwanƙwasa gefen gwiwa, ya ce
jijiya ce ke bi ta nan, dab da ƙashi,
kitsen da na tsana shi ne matashinta.
Ya rubuta allurar bitamin,
ya ba ni takalmin roba mai riƙe tafin ƙafa,
ya ce kada in sake harɗewa.
Wata shida, in ji shi. Ko shekara. Ko.

Alidu yaron motata ke tuƙi yanzu,
ni ina gefe ina ƙirga sidi.
Sukari ya sauka, numfashi ya dawo,
ba na cewa na yi nadama.
Ba na cewa ban yi ba.

Jiya da dare na ce wa babban yatsa: tashi.
Zuwera ta haska fitilar waya,
ta rantse ya motsa.
Ni dai ban gani ba.
Na ce ta ƙara matso da hasken.