Layi Biyu a Kan Shagala

Walida ta shigo shagona da littafin makaranta,
a Kasuwar Barci, bayan la'asar.
Ta ce, "Kaka, an ce mu rubuto ma'anar shagala,
layi biyu kawai, malama ba ta son surutu."

Na ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki.
Layi biyu? Kalmar da ta ci mini shekara sittin?

Na ce rubuta: shagala ita ce
ka bar gangar jikinka tana gadin aiki,
hankalinka ya tuɓe takalmi ya fice ta taga.
Ta ce, "Wannan ai tatsuniya ce."
To, saurara.

Mai mantuwa, abu ne ya faɗi daga aljihunsa.
Mai shagala kuwa, abin na tafin hannunsa,
idonsa biyu, yana kallon wani wurin.
Uwarki in ta ce "na sha'afa", gishiri ne bai shiga miya ba,
in ta ce "na shagala", leƙa tukunya, ta kama.
Liman in ya hau mumbari, gafala yake ce mata,
ya naɗa mata rawani don ta yi kwarjini,
mu nan layin teloli da sunanta na gida muke kiran ta.

Ki lura kuma da bakin mutane,
ba mai son ɗaukar kayanta shi kaɗai.
Mai adaidaita da ya wuce da ni Kawo jiya,
ina ta ce masa Unguwar Sarki,
cewa ya yi ƙwallon rediyo ce ta shagalar da shi.
Yayanki ya ce waya ce.
Waya kuwa na kwance, ba hannu, ba ƙafa.

A masaƙar Kakuri na fara ganin haƙoranta,
zamanin da injuna ke ruri dare da rana.
Bitrus, abokin aikina,
da safe aka yi masa albishir ɗin ɗa namiji.
Yana murmushi shi kaɗai, yana zaɓen suna,
inji kuwa bai san da wani suna ba.
Yatsu biyu.
Har yau in mun gaisa a Barnawa
sai hannuna ya ji gurbinsu.

Kin ga, tana da ɗan'uwa, sunansa shagali,
wasali ɗaya ne tsakaninsu, kamar zana tsakanin maƙwabta.
Shi ya sa ba ta zuwa da fuskar maƙiyi,
da kiɗa take sallama, da labari mai daɗi.

Ni tawa da ɗinkin Sallah ta zo.
Azumi na ashirin da bakwai, shadda ta kai rufi,
kakarki Indo ta aiko cewa kanta na sarawa.
Na ce bari in gama wuyan rigar nan.
Na gama wuya na kama aljihu,
na gama aljihu na kama wando.
Ba wasa nake ba, Walida, aiki nake.
Ranar na san mutum kan shagala da abin kirki
ya bar abin da ya fi shi.
Wannan kada ki rubuta.

Ta yi shiru, biro a baki.
Can sai ta ɗaga hanci: "Kaka, me ke ƙauri?"

Dutsen guga!
Na bar shi kife kan farar shaddar Alhaji Maikano,
ga tambarinsa nan, baƙi ƙirin,
kamar kwalekwale a tsakiyar kogin Kaduna,
daidai ƙirji, inda ba zaren da zai rufa mini asiri.

Ta yi dariya har littafi ya faɗi,
ta ɗauka, ta rubuta layinta biyu, ta ƙi nuna mini.
Ni kuma ina juya riga, ina lissafin yadi biyar,
ashe an daɗe da kiran magariba a masallacin layi,
sai da aka tayar da iƙama na ji.