Sunan da Ba Nata Ba

Bilya ya dawo daga filin ƙwallo,
ƙura har gwiwa, magana a baki.
Wai ya ce wa ɗan maƙwabta "ɗan bayi".
Yana faɗa mini yana dariya
kamar shi ya zura ta ƙarshe a raga.

Ban daka masa tsawa ba.
Na ɗauke ƙafa daga keken ɗinki,
na ce Rumasa'u ta kunno aci-balbal,
don wuta ta tafi tun la'asar,
unguwar Jahun duk ta yi duhu.

Bayan madafi, kusa da randa,
akwai dutsen niƙa da ya lotsa.
Nan suke zama su sha rake.
Na ce, ku sa hannu. Kun ji ramin?
Ba ruwan sama ne ya ci shi ba.
Hannun mace ne, shekara arba'in.

Nagode ake kiranta,
amma ba shi uwarta ta raɗa mata ba.
Daga duwatsun kudu aka sauko da ita
tana cikin famfarar haƙori,
igiya a wuya, ƙaya a tafin ƙafa.
A kasuwa aka buɗe mata baki
yadda nake buɗe na rago ana gobe layya.
Aka ƙirga wuri. Aka tashi.

Rumasa'u ta ce, Baba, wa ya saye ta?

Na daɗe ina gyara lagwanin fitila.

Kakan kakanku, na ce,
mai rawanin da maroƙa ke ambata
duk ranar da aka yi suna a gidan nan.
Shi ya biya, ita ta haifa.
Jinin biyun ne ke bugawa a wuyanku,
ba rariyar da za ta raba shi.

Ta ce, malamarmu ta ce ina da baiwa.
Ita kuma an ce baiwa ce.
Yaya kalma ɗaya take ɗaukar duka?
Na ce, ni ma har yau tambayar nake.

Abu ɗaya ta bar mana.
In ta yi tuntuɓe, ko wuta ta lashe ta,
wata kalma kan suɓuce mata
wadda ba Hausa ba ce.
Kakata ta riƙe, ta ba uwata, ta ba ni.
Na kai ta kasuwar Wunti,
na faɗa wa masu doya daga Dass,
na faɗa wa wata tsohuwa 'yar Bogoro.
Kowa ya girgiza kai.
Harsunanmu sun niƙe ta, sun canza mata kama,
ko mai ita ya ji, ba zai waiwaya ba.

Na faɗa musu ita. Suka maimaita,
sau uku, a hankali,
kamar masu ɗaukar ƙwai a hannun riga.

Bilya bai ɗago kai ba.
Ya ce, to menene sunanta na gaskiya?

Ban sani ba, ɗana.
Shi suka fara ƙwacewa.

Can sai aka kawo wuta.
Yaran layi suka ɗauki ihu,
firji ya yi tari ya tashi.
Ba wanda ya motsa a cikinmu.
Tafin hannunsa na cikin ramin dutsen,
ya shige daidai.