Ƙasa a Kan Bencin Kafinta

Ranar Laraba ta zo shagona a Muciya,
Malama Asabe mai koyar da labarin ƙasa,
da takarda naɗe a hammata kamar tabarma.
Ta ce, "Malam Tanimu, so nake ka yanka min Najeriya."
Na ce, "Subhanallahi, Malama,
ni da gado da kujera na saba."

Ta shimfiɗa takardar a kan benci,
ta danne kusurwa da guduma, wata da gwangwanin ƙusa.
Wai yaranta sun haddace jihohi, karatun aku,
amma ka ce su nuna Ebonyi, sai yatsa ya nufi Yobe.
"Abin da hannu ya taɓa," in ji ta, "shi kai ke riƙewa."
Ta biya rabi, saura sai wata ya mutu.

Daren nan na kwafe iyakoki da fensirin bayan kunne.
Ni da ban taɓa wuce Kafanchan ba,
ga zartona yana keta Borno,
yana lallaɓa gefen Tafkin Cadi,
yana gangarawa Binuwai babu kuɗin mota.

Neja ta fito faɗin tafina har da ƙari.
Legas kuwa, duk sunan nan, duk hayaniya,
'yar siririya kamar yankan farce.
Sau biyu tana ɓuya a garin katako,
sai da yarona Ɗanjuma ya tankaɗe shara da rariya.

Wanda ya ja layukan nan bai taɓa riƙe zarto ba.
Bakin zarto uku na karya tsakanin Kogi da Anambara.
A Lakwaja na dakata,
na shafa shuɗi inda ruwa biyu suka gamu,
na ce ashe ba Kubanni da Galma suka fara ba.

Na goge kowace jiha da samfefa
kada sartse ya soki ɗan wani.
A kan Kaduna na ɗiga jan fenti inda Zariya take,
ba ta sa ni ba, son kai ne.
Talatin da bakwai har da Abuja, na ƙirga, na ɗaure.

Bayan mako uku ta dawo,
allon a hannu, da rami ta gabas kamar giɓin yaro.
"Taraba ta ɓace."

An tambayi aji, shiru.
An zazzage jakunkuna, sai alli da ɓawon gyaɗa.
Da aka tashi, wata yarinya ta tsaya baya,
Ladidi, wadda ba a jin muryarta ko a kiran suna.
Ta kwance bakin zanenta, ga Taraba, ta yi ɗumi.
Uwarta na Jalingo, damina biyu ke nan,
kullum ana ce mata nesa ne, nesa ne.
Ta ɗora yatsu daga jan ɗigon nan zuwa ramin:
"Malama, ashe yatsu huɗu ne kawai."

Malama ba ta karɓe ba.
Shi ya kawo ta.

Na nemo guntun filawud a ƙarƙashin benci,
na sake yanka Taraba, ban yi gaggawa ba.
Koren fentin bai zo daidai da na farko ba,
ta ɗan matse, sai da na dunƙule hannu na buga.
Ta zaro kuɗi, na ce ta mai da,
akwai aikin da ba a yi masa ciniki.

Ta manta takardarta a shago.
Bayan magariba na shimfiɗa, na haska da waya,
na kafa babban yatsa a kan Zariya,
na miƙa na tsakiya zuwa Fatakwal,
inda ƙanena Barau ya shekara tara.

Taƙi ɗaya.

Na daɗe ban ɗauke hannu ba.
Ɗanjuma ya ce, "Oga, in rufe shago?"
Na ce tukuna,
fara nemo min katin waya a Kwangila.